Laifin Ƙwai Kada Ya Shafi Takobi

'Yan uwa ɗalibai, da yawanmu a Gude muna sassaƙa takobin katako mai ƙwan LED domin wasan Bayajidda. Amma da ƙwan ya ƙi kamawa, sai wasu su wurgar da takobin gaba ɗaya. Wannan asara ce. Ƙwan LED ƙafa biyu gare shi, doguwar ake haɗawa da gefen batir mai alamar +. In aka juya, ba zai kama ba. Batir ɗaya mai volt 1.5 ma ba ya tayar da shi, sai biyu. Mu riƙa gwada ƙwai a gaban mai shago kafin mu biya, domin kuɗin motar komawa Kano ya fi kuɗin ƙwan. Malamanmu na fasaha, don Allah ku koya mana gwaji a aji.