Kada a Ɓuya a Bayan 'Yan Kallon Japan

A gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha, da ta 2022 a Katar, an yi ta yaba wa magoya bayan Japan da ke tsayawa bayan an tashi wasa suna tsince shara. Yabon ya dace da su. Abin da ban yarda da shi ba shi ne darasin da aka tatso daga hotunan nan, wai ƙazantar filin wasa rashin tarbiyyar ɗan kallo ce. Wannan magana tana yi wa mahukunta daɗi, domin ta sauke musu kaya ta aza wa talaka. Ni kuwa na ce shara da ɓarnar ruwa a babban filin wasa hukunci ne da aka yanke a ofis, tun kafin a sayar da tikiti.

Mu yi lissafi. Filin ƙwallon ƙafa mai tsawon mita 105 da faɗin mita 68 yana da murabba'in mita 7,140. Milimita ɗaya na ruwa a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Ke nan ban-ruwa na milimita 5 kacal zai lashe lita 35,700, wato jarka 1,428 mai cin lita 25, lodin kurar 'yan ga-ruwa fiye da ɗari. Wane ɗan kallo ne ya buɗe wannan famfo? Wa ya zaɓi a yi ban-ruwa da tsakar rana, lokacin da zafi ke shanye ruwan kafin ya kai saiwa?

A birnin Atlanta na Amurka akwai filin Mercedes-Benz, wanda aka buɗe a 2017. Maginansa sun dubi rufinsa ba su ga laima kawai ba, sun ga kwarya. Suka gina tanki mai cin galan 680,000, sama da lita miliyan biyu da rabi, inda ruwan sama ke taruwa a shayar da shuke-shuken harabar, a kuma sanyaya ginin. Ba don ado suka yi ba: unguwannin da ke yamma da filin, na marasa ƙarfi, sun daɗe suna fama da ambaliya, kuma duk litar da aka tare lita ce da ba ta shiga ɗakin kowa ba. A 2023 filin ya sami shaidar cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari na shararsa ba ya zuwa juji. Ba wa'azi ya kawo haka ba. An sauya mazubin abinci zuwa irin wanda ke ruɓewa ya zama taki, an kuma ɗauki ma'aikata masu tantance shara. Haka a filaye da dama na Jamus, mai sayen abin sha yakan ajiye 'yan kuɗi a kan kofi, sai ya mayar a ba shi abinsa. Kofin da ke da kuɗi a kansa ba ya kwana a ƙasa.

Za a ce da ni waɗannan masu hannu da shuni ne, kuma filin Atlanta da ciyawar roba aka buɗe shi. Gaskiya ne. Amma hujjar ta juya ta sari mai ita: wanda ciyawarsa ke shan ruwa, aljihunsa kuma ba nauyi, ai shi ya fi buƙatar tanki. Tattali ba kwalliyar mawadaci ba ce.

Dubi babban filin wasa na Abuja, wanda aka gina don wasannin Afirka na 2003, aka sa masa sunan Moshood Abiola a 2019. Yana ɗaukar mutum sama da 60,000, a garin da ruwan samansa ke haura milimita 1,000 a shekara. Aliko Ɗangote ya ɗauki nauyin sake shimfiɗa ciyawarsa, ba a daɗe ba ta lalace. Ciyawa ba ta rayuwa da bikin yanke ƙyalle. Da ruwan kullum take rayuwa, da albashin mai kula da ita. Idan kuma filin ya cika, kowa ya sha ruwan leda biyu, ledoji 120,000 ke nan a yammaci ɗaya. Mutumin da aka sayar wa leda, ba a aje masa kwando kusa ba, ba a kafa masa famfon sha ba, me ake so ya yi da ita? Ya haɗiye?

Ina so a daina auna filin wasa da yawan kujeru. A sa wa bututunsa mita, a riƙa bayyana wa jama'a litar da ya sha da nauyin sharar da ya fitar bayan kowane wasa. Kuma kada a sake sa hannu a kwangilar gyaran wani fili sai an nuna a zane inda indararon rufinsa zai zuba.