Fim ɗin Sarauniya Mangu: Ina Hausar Take?

Kwanakin baya na zauna da wasu ɗalibaina a nan Katsina muka kalli wani tsohon fim mai suna Sarraounia, wanda Med Hondo, ɗan asalin Muritaniya mazaunin Faransa, ya fitar a shekarar 1986. Ba mu yi nisa ba sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, wai ba Bahaushiya ba ce? To, ina Hausar?" Wannan tambaya ita ta sa na ɗauki alƙalami.

Ga wanda bai san labarin ba, a shekarar 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Kyaftin Voulet da Kyaftin Chanoine ta ratsa ƙasar Hausa ta Nijar ta nufi Tafkin Cadi, tana ƙone garuruwa tana karkashe bayin Allah. Kisan gillar Birnin Ƙonni har yau bai bar bakin jama'a ba. A watan Afrilu na shekarar suka gwabza da Sarauniya Mangu ta Lugu, kusa da Dogondutsi, wadda ta ƙi miƙa wuya. A watan Yuli, a yankin Tasawa, Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb da aka aiko ya tsayar da su, sannan sojojinsu suka juya suka kashe shi da Chanoine. Wannan tarihi Abdoulaye Mamani ya mayar littafi a 1980, Hondo kuma ya mayar fim.

Dole a yaba wa Hondo. A yawancin finafinan tarihi na Turawa, baƙar fata ɗan dako ne ko mai riƙe fitila. A nan kuwa mace 'yar Afirka ce ke tsakiyar labari, Bature ne abin kallo, da haɗamarsa da haukarsa. Ba banza ba fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987.

Amma fa wakilci bai tsaya ga launin fata ba. An yi niyyar ɗaukar fim ɗin a Nijar, abin bai yiwu ba, sai Burkina Faso ta Thomas Sankara ta buɗe ƙofa. Saboda haka 'yar can, Aï Keïta, ta fito a matsayin Sarauniya, harsunan fim ɗin kuma suka zama Jula da Fulatanci da Faransanci. A matsayina na ɗalibin kimiyyar harshe, nan na ga asara. Akasarin sojojin Voulet daga yankin Mali ta yau aka ɗebo su, don haka Jula ta dace da bakinsu. Mutanen Lugu kuwa Hausa suke yi. Ina kirari? Ina take? Ina zaurance da habaici? Ga Bature mai karanta fassara a ƙasan allo, duk yaren baƙi ɗaya ne. Ga Bakatsine ko Bamaraɗe kuwa, an nuna masa kakarsa an cire mata harshe.

Sai dai in bera da sata, daddawa ma da wari. Mu me muka yi? Tun Shaihu Umar na Adamu Halilu a 1976, finafinan tarihi nawa muka yi da suka kai wannan daraja? Fim ɗin Amina na 2021, wanda Izu Ojukwu ya shirya, da Turanci Sarauniyar Zazzau take magana. Mun iya fassara finafinan Indiya dare da rana, amma Sarraounia na nan yadda Hondo ya bar shi.

Akwai kuma wata tambaya mai nauyi. Sarauniya Mangu Ba'azniya ce, addinin gargajiya take bi. In Kannywood ta ɗauki labarinta, za ta nuna ta yadda take, ko za ta musuluntar da ita, ko ta mayar da ita muguwar matsafiya? Wanda ke kukan an ɓata masa tarihi, bai kamata ya ɓata na ɗan'uwansa ba.

A 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ina kira ga jami'o'in Katsina da Maraɗi, tare da masu shirya finafinai, su nemi izinin juya muryoyin wannan fim zuwa Hausar Arewa ta Dogondutsi, da bakin mutanen wurin. Allah Ya sa mu dace.