Digiri Ba Ya Hana Haƙori Ruɓewa

'Yan'uwana mata na Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, da 'ya'yana 'yan makaranta.

Muna murna idan 'yarmu ta sami shiga Jami'ar Bayero ko ta Wudil. To, amma in ba likitancin haƙori take karantawa ba, wa zai koya mata tsaron bakinta a can? Sau da yawa ɗaliba takan wuni kan lemon kwalba da biskit, ta kwanta ba ta goge baki ba. A ganina wannan darasi na gida ne, uwa ce malamarsa.

Ba tsutsa ke cin haƙori ba. Ƙwayoyin cuta ne da ke maƙale jikinsa suke cin sukari, su fitar da wani ruwa mai tsami wanda ke zaizaye haƙorin har ya yi kogo. Saboda haka mai tsotsar alewa ko mazarƙwaila ɗan lokaci kaɗan-kaɗan duk yini ta fi mai sha sau ɗaya bayan abinci shiga haɗari.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce mutum wajen biliyan 2 ke da ruɓewar haƙoran girma, yara miliyan 514 kuma na haƙoran nono. Tun 2015 hukumar ta ba da shawara babba ya tsaya ƙasa da kimanin ƙaramin cokali 12 na sukari a rana, 6 ya fi.

Wata za ta ce, ai muna da aswaki. Madalla, kada ki bar shi. Amma ki haɗa da buroshi da man goge baki mai fulorayid, safe da dare, minti 2. Ki tofar, kada ki kurkure nan take. Yaro mai shekara 3 zuwa 6 kamar ƙwayar wake ya ishe shi. Ki lura, turamen farko na girma suna fitowa wajen shekara 6, ba su da magaji.

In ciwo ya fara, kada a cusa ƙwayar magani ko ruwan batir a kogon. A je asibiti da wuri, domin daga Doguwa zuwa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano tafiya ce mai nisa da tsada.

Ke kuma ɗaliba, in kin zo hutu, koya wa ƙannenki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya ba mu lafiya, amin.