Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

Wata cuta ta shigo ikilisiyoyinmu, daga Zinyau har Rano da Kibiya: raina littafin da ya girme mu. Matashi zai kwana yana sauraron annabin waya mai alkawarin arziki cikin kwana bakwai, amma a miƙa masa tsohon littafi, sai ya ce zamaninsa ya wuce. Zunubi ne ya tsufa, ko mutuwa ce ta daina zuwa?

John Bunyan ya yi shekara 12 a kurkuku a Ingila saboda wa'azi, littafinsa na tafiyar mai bi zuwa birnin sama ya fito a 1678. Augustine, bishop na Hippo a Arewacin Afirka, ya rubuta furcin zunubansa wajen shekara ta 400. Ɗaruruwan shekaru sun gwada rubutunsu, bai ruɓe ba. Saƙon da aka turo jiya, wa ya gwada shi? Marubucin yau, ciwonmu ɗaya da shi, son kuɗi da gaggawa. Na da yakan taɓa gyambon da muka saba da shi.

Wasu sun ce harshen tsofaffin littattafai yana da wuya. Iyayenmu manoma da fitilar aci-balbal suka karanta Littafi Mai Tsarki na Hausa na 1932, suka kuwa gane.

A zamanin sarki Yosiya, tsohon littafin Shari'a da aka tsinta cikin Haikali ne ya jawo tuba. Ku kaɗe ƙurar naku, ku karanta wa 'ya'yanku.