Daga Tsakar Gida: Fim Ɗinmu Na Farko



A hutun da ya wuce ni da yara muka kalli Children of Heaven, fim ɗin Majid Majidi na ƙasar Iran, na 1997. Ali ne ya ɓatar da takalmin ƙanwarsa Zahra, suka riƙa karɓa-karɓa da nasa zuwa makaranta, gudun ɗora wa mahaifinsu nauyi. Ba rawa ba waƙa, amma sai da na share hawaye.

Washegari babbar 'yata ta ce mu gwada namu da wayata. Gabana ya faɗi, sanin yadda ake kallon harkar fim. Maigida ya amince, bisa sharaɗin ba zai fita waje ba.

Muka bi salon Majidi: ƙaramin labari, yara ne taurari. Namu a kan canjin cefane ne da ya ɓace. Hoton na rawa, kukan akuya ya cinye rabin maganar. Amma da dare autana, wanda ya fito a mai ɓoye canjin, ya zo da kansa ya faɗa mini inda Naira 200 ɗina ta shige watan jiya.

'Yar'uwa, ko mun ƙi ko mun so, waya na hannunsu. Gara mu zauna kusa. Allah ya shirya mana zuri'a.