Daga Bakin Rumfa: Kwano ko ƙafa, wanne ke sauke tumbi da suga?

Wannan makon za mu ajiye zancen farashi da na kwastan, mu ɗauki wata gardama da ta daɗe tana yawo a majalisunmu, daga Zangon Sokode har kasuwar Dapaong. Mutum ne likita ya ce masa sugansa ya hau, ya rage ƙiba. To ina zai sa ƙarfinsa, a kwano ko a ƙafa? Wasu sun ce ci abinka, in dai kana motsa jiki ba komai. Wasu sun ce a'a, kame bakinka kawai, motsa jiki na masu kuɗin Lome ne da ke biyan wata-wata a gidan ɗaga ƙarfe. Ni dai abin da na gani shi ne, kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya, kuma babu rabin da ke buƙatar gidan ɗaga ƙarfe.

Mu tuna inda muka fito. Kakanninmu masu fataucin goro daga Kano da Sakkwato suke tasowa, su ratsa Borgu, su sauka a Didawure, tsohuwar unguwar Musulmi da ke cikin Sokode ta yau, wasu kuma su bi ta Sansanin Mango, duk a nufi Salaga a ƙasar Gwanja. Watanni ake yi ana bin jakuna a ƙasa. Wanda ke wannan tafiya ba ya ajiye tumbi. Mu fa? Kusan kilomita 300 da ke tsakanin Sokode da Dapaong a zaune muke cinye su cikin mota. Daga gida zuwa shago zemijan, daga shago zuwa masallaci zemijan. Ka zauna a kujera tun hantsi har Magariba, ko canji za a karɓo sai ka aiki yaro. Ƙafa ta yi ritaya, amma kwano bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi.

Bari mu yi lissafin da ɗan kasuwa zai gane. Jiki kamar shago ne: kaya na shiga, kaya na fita, abin da bai fita ba ya zama kwantai. Kitse shi ne kwantan jiki. Kwalbar lemo ƙarama, mai santilita 33, tana ɗauke da sukari wajen giram 35, kusan ƙwaya 7 na sukarin kwali ke nan, ƙarfinta kuma ya kai kalori 140. Kafin magidanci mai kilo 80 ya ƙone wannan, sai ya yi tafiyar sauri ta kusan rabin awa. Minti 2 ka shanye, minti 30 ka biya. Ƙara da shayin safe mai madarar gwangwani, da burodi rabin sanda, da koliko a tashar Kara, da sakwara malmala 2 da dare. Wace ƙafa ce za ta biya wannan bashi? Shi ya sa duk mai son sikeli ya sauka, a bakin ƙofar shigowar kaya zai tsaya. Nan masu cewa kwano suka yi gaskiya.

Likitocin Birtaniya sun gwada wannan. A wani bincike mai suna DiRECT, wanda Farfesa Roy Taylor na Jami'ar Newcastle da Farfesa Mike Lean na Glasgow suka jagoranta, aka fitar da sakamakonsa a 2017, an ɗora masu ciwon suga nau'i na biyu, waɗanda ciwon bai wuce shekara 6 a jikinsu ba, kan abinci ɗan kaɗan, kalori 850 ko ƙasa da haka a rana, na wata 3 zuwa 5. Bayan shekara guda, kashi 46 cikin 100 sugansu ya koma daidai ba tare da magani ba. Cikin waɗanda suka zubar da kilo 15 ko fiye kuwa, kashi 86 ne. Bayanin Taylor shi ne, kitsen da ya taru a hanta da kuma a gaɓar da ke samar da insulin shi ke toshe aikin, in ya narke sai aiki ya dawo. Amma a kula, wannan ƙarƙashin idon likita aka yi shi. Kada wani Alhaji ya karanta ya jefar da maganinsa ya shiga yunwa.

To masu cewa ƙafa fa, ƙarya suka yi? Ko kaɗan. Ƙafa ba gwanar sauke kilo ba ce, amma gwanar kwashe suga ce. Insulin kamar dillali yake, shi ke kai sukari daga jini zuwa tsoka. A jikin mai ciwon suga, tsoka ta daina sauraron dillali. Amma da zarar ka tashi kana tafiya, tsokar cinya da ta sharaɓa sai su shiga sayen sukari kai tsaye, ko dillali bai zo ba. A garin Da Qing na ƙasar Sin, tun 1986 aka raba mutum 577 da sugansu ya fara hawa: wasu gyaran abinci, wasu motsa jiki, wasu duka biyu, wasu aka bar su yadda suke. Bayan shekara 6, haɗarin kamuwa ya ragu da kashi 31 ga masu abinci, kashi 46 ga masu motsa jiki, kashi 42 ga masu haɗawa. A Amurka ma, wani babban bincike kan mutum 3,234 da aka buga a 2002 ya nuna cewa rage kashi 7 cikin 100 na nauyi tare da tafiyar minti 150 a mako ya rage kamuwa da kashi 58, alhali maganin metformin kashi 31 ya rage. Kuma mafi yawansu tafiya kawai suka yi, irin wadda ni da kai muke iyawa.

Ka ga ashe gardamar ba ta da wurin zama. Kwano ke sauke nauyi, ƙafa ke sauke suga ta kuma hana nauyin dawowa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yanzu yaya za a yi a aikace? Mu fara da abin sha, don nan ɓarnar ta fi yawa kuma nan gyara ya fi sauƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kusan giram 50 a rana ga babba mai lafiya, in da hali ma 25. Lemo ɗaya da shayi zagaye uku na majalisa sun wuce nan tun kafin La'asar. Zoɓo da furar da aka dama da sukari su ma suna cikin lissafi, maltina kuma ba magani ba ce. Zuma ma a jinin mai suga sukari ce. Koma ruwa, ka sha shayinka da ɗacinsa, mako 2 harshe zai saba.

Sai tuwo. Ba cewa aka yi a daina sakwara a ƙasar doya ba, wa zai ji? A raba kwano gida huɗu: gida biyu ganye da miya, gida ɗaya wake ko kifi ko nama ko ƙwai, gida ɗaya kacal tuwo ko shinkafa ko doya, gwargwadon dunƙulen hannunka. Allah Ya hore mana kuka, kuɓewa, zogale, rama, lalo, yalo da kabeji, ga tumatirin Dapaong da zabinta, ga cukun Fulani da nan ake kira wagasi. Mai sayen wace, wato shinkafa da wake, ya ce a ƙara wake a rage shinkafa, a bar taliya da gari da ake barbaɗawa a kai. Dafaffiyar doya ta fi soyayya. Uwargida, wannan fagen naki ne, domin ludayin mai da cokalin sukari a hannunki suke. Kuma kada a ware wa maigida kwanon marasa lafiya shi kaɗai yana kallon yara suna shan lagwada. Ciwon nan yana bin jini, gyaran gidan gaba ɗaya rigakafin 'ya'yanki ne.

Ita kuma ƙafa, minti 150 a mako ai minti 30 ne sau 5. Kana iya yanka shi gida uku. A ƙasar New Zealand an gwada masu ciwon suga 41 a 2016, aka ga tafiyar minti 10 bayan kowane cin abinci ta fi rabin awa a dunƙule sauke sugan bayan ci, musamman bayan abincin dare. To ga dabara: ci tuwonka bayan Magariba, ka tafi sallar Isha'i a ƙasa, masallacin da ya ɗan fi nisa. Da rana ka bar yaro a shago, kai ka je karɓo bashin da kanka. Ka ce wa mai zemijan ya sauke ka tun kafin kwanar gidanku. Mutanen Dapaong, zafin Maris da Afrilu ba abin wasa ba ne, ku yi taku bayan Asuba. Kuma tun da aka kafa dokar ta-ɓaci a yankin Savanes a 2022 kowa ya san yawon dare a bayan gari ba dabara ba ce, cikin unguwa ya isa. Hajiyar da ba ta cika fita ba, tsakar gida fili ne: zagaye, shara, wanki, ɗan daka, duk suna shiga lissafi in an yi su har numfashi ya ɗan ɗaga.

Akwai abin da ya fi yunwa da gajiya hana mu, shi ne bakin mutane. A wurinmu tumbi shaidar jari ne. Na san wani Alhaji mai atamfa da ya sauke kilo 9 bisa shawarar likita, sugansa ya yi kyau, gwiwarsa ta daina ciwo. Sai tsegumi ya tashi: ko kasuwa ce ta karye, ko wata muguwar cuta ce. Har wani mai ba shi kaya bashi ya fara jan ƙafa. Cikin wata 4 ya mayar da abinsa don a daina kallonsa. Yau idonsa ɗaya ba ya gani sosai. Jama'a, mu ji tsoron Allah. Wanda ya ga ɗan uwansa ya faɗa, ya tambaye shi lafiya, in ya ce da gangan ne a ce masa madalla. Kai kuma mai ragewa, faɗa wa abokan cinikinka da bakinka tun kafin su ƙirƙiro maka labari. Masu zugar nan ba su za su biya maka kuɗin wankin ƙoda ba.

Sai dai a bambanta rama biyu. Wadda ka nema da kanka alheri ce. Wadda ta zo maka kana ci kana ƙoshi, ga ƙishirwa, ga yawan fitsarin dare, wannan alamar suga ce da ta yi yawa, asibiti za ka nufa ba wurin mai sassaƙe ba. Awon ba tsada, ana yi a babban asibitin Sokode da na Dapaong da ƙananan asibitoci. In aka auna ka kafin karin kumallo aka ga 1.26 ko fiye, a ma'aunin giram cikin lita da ake amfani da shi a Togo, aka sake aka ga haka, ciwon ne. Daga 1.10 zuwa 1.25 kana bakin kogi, lokacin juyawa ke nan. Ɗauki tef ɗin tela ma ka auna cikinka daidai cibiya: namiji ya kai santimita 94, mace 80, a fara hattara.

Mai shan glibenclamide ko mai allurar insulin kuma, kada ya rage ci ko ya ƙara tafiya sai ya gaya wa likitansa, domin suga na iya faɗuwa ƙasa da 0.70, sai rawar jiki, zufa da jiri. Ya riƙa yawo da ƙwayar sukari 3 a aljihu saboda irin wannan. Kuma a sa takalmi rufaffe mai laushi, a duba tafin ƙafa kowane dare, don ɗan ƙaramin ciwo a ƙafar mai suga shi ke zama babban gyambo.

Ba a ce ka koma saurayi ba. Mai kilo 90 in ya sauke 6 ya kusa kai abin da binciken Amurkan nan ya nema. Rabin kilo a mako, wata 3 ke nan. Mu da muka iya tara jari daga tire har shago, wannan ba zai gagare mu ba. Fara da kwalbar lemon yau da tafiyar Isha'in yau, sannu ba ta hana zuwa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa albarka a kasuwa. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.