Gidan Gwamna na Kolkata: A Bar Shi Tsaye, a Faɗi Tarihinsa

A 1799, shekarar da sojojin Kamfanin East India suka kashe Tipu Sultan a Seringapatam, Gwamna Janar Lord Wellesley ya sa aka aza harsashin fadarsa a Kalkata, wato Kolkata ta yau. Kyaftin Charles Wyatt ya zana ginin bisa fasalin Kedleston Hall, gidan zuriyar Curzon a Ingila, aka kammala shi a 1803. Kuɗin da aka narkar ya harzuƙa shugabannin kamfanin a Landan, har ya shiga cikin dalilan kiran Wellesley gida a 1805. Sai dai ba guminsu ba ne. Tun 1765 kamfanin ke karɓar harajin Bengal daga hannun manoma. Saboda haka nake ganin mutanen Bengal ne masu wannan gida, kuma daidai Indiya ta yi da ta riƙe shi bayan samun 'yanci.

Masu ganin bai kamata gwamnan ƙasa mai 'yanci ya kwana inda 'yan mulkin mallaka suka kwana ba suna da hujja mai ƙarfi. A wannan gida Gwamna Janar Lord Curzon yake zaune lokacin da ya raba Bengal gida biyu a 1905, matakin da ya tayar da zanga-zanga da ƙaurace wa kayan Ingila. Bayan an mayar da babban birni Delhi a 1911, gidan ya koma na gwamnan Bengal, kuma yana nan da dogayen ginshiƙansa da ƙofofinsa masu gumakan zaki lokacin da yunwar 1943 ta kashe mutane miliyoyi, wasunsu a kan titunan birnin. Duk wannan gaskiya ne. Amma rushe gini ba ya tayar da mamaci, shaida kawai yake ɓatarwa. Yaron da ya tsaya a gaban waɗannan ƙofofi zai gane girman kan mulkin mallaka fiye da wanda ya karanta shi a littafi, domin gani ya kori ji.

Akwai kuma masu cewa kula da gidan ɓarnar dukiyar talakawa ce. Wannan ƙorafi zai tabbata muddin gidan ya ci gaba da zama na manya kaɗai. A 1947 Chakravarti Rajagopalachari, abokin gwagwarmayar Gandhi, ya shiga shi a matsayin gwamnan Bengal ta Yamma na farko, daga baya aka sa wa gidan suna Raj Bhavan. Sauya mai gida da sauya suna mataki ne na farko kawai. Abin da ya rage shi ne a buɗe ƙofofin sosai ga ɗalibai da jama'ar gari, a bayyana musu wa ya biya kuɗin ginin da irin hukuncin da aka yanke a cikinsa. Idan an yi haka, kuɗin kula da shi ya halatta. Idan ba a yi ba, masu ƙorafi ne ke da gaskiya.